Maigidana Ya Ce In Faɗa wa Kamfanin Inshora Ni Ce Nake Tuƙi

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ina da aure da 'ya'ya uku. Shekara uku da suka wuce na sayi Corolla ta hannu da bashin ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinmu, kuma sharaɗin bashin shi ne in yi wa motar cikakkiyar inshora. Duk shekara ina biyan Naira 225,000 a kan darajar miliyan 4.5, ban taɓa neman ko sisi a wurinsu ba. Yau kwana tara ke nan ƙanin maigidana ya ari motar ya kai Hajiyarsu asibiti, a hanyar dawowa ya daki bayan motar wani dattijo a danja. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni, amma gaban motata ya lotse, lagireto ya fashe, jakar iska ta sitiyari ta fito. 'Yan sanda sun zo sun yi rubuce-rubucensu. Dattijon yana neman Naira 600,000. Bakanikenmu ya ce gyarana zai ci miliyan 1.3, in bari ya fara aiki, zai rubuta wa kamfani miliyan 2 don a samu na sallamar dattijon. Maigidana ya ce in ce ni ce nake tuƙi tunda sunana ne a takarda. Hajiya ta ce tsautsayi ne, a rufe maganar kar a tozarta mata ɗa. Shi kuwa yaron ko gaisuwa ya daina zuwa. Har yanzu ana cire bashin motar daga albashina, ni kuma ina hawa Keke Napep zuwa aikin dare. Ban sanar da kamfanin ba tukuna, na rasa ta inda zan ɓullo. Ki ba ni shawara.

Daga wata baiwar Allah a Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan jarrabawa. Allah Ya tsare gaba, Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya mayar miki da alheri.

Kafin mu shiga maganar gida, ɗauki wayarki ki kira kamfanin inshorar nan yau, ba gobe ba. Idan ta hannun dillali ƙungiyarku ta yi muku inshorar, ki kira shi shi ma. Da kin ajiye wayar sai ki bi da rubutu, ko imel ko wasiƙar da za a buga wa kwafinki hatimin karɓa: ranar da abin ya faru, wurin, lambar motarki, lambar ta dattijon, lambar takardar inshorarki, da ofishin 'yan sandan da aka kai maganar. Kowace takardar inshorar mota tana ɗauke da sharaɗin a sanar da kamfani cikin gaggawa, wasu har sukan ƙayyade kwanaki. Kwana tara bai kai a ce kin makara ba, amma duk ranar da ta ƙaru kina miƙa musu sandar da za su doke ki da ita. Sanarwa ba ƙarar kowa ba ce. Ba ta kai ƙanin mijinki kotu, ba ta ɓata masa suna. Cewa kawai kike yi ga abin da ya faru, ku zo ku gani.

Yanzu ga shawarar maigidanki. Ban ɗauke shi mugu ba. Mutum ne da ya tsinci kansa tsakanin matarsa da mahaifiyarsa da ƙaninsa, ya hango wata 'yar ƙofa da yake zaton kowa zai fita ta nan lafiya. Sai dai ƙofar nan rami ce a bayanta, kuma ke kaɗai za ki faɗa. Ki tuna 'yan sanda sun zo wurin. Sunan wa suka rubuta a matsayin direba? Na yaron. Dattijon da wa ya yi cacar baki a bakin danja? Da yaron. Rahoton 'yan sanda yana cikin takardun farko da kamfani zai nema, ga shi kuma ranar ƙila kina bakin aiki, sunanki na nan a jadawalin asibiti. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa ko taku biyu ba shi da shi. Ranar da fom ɗinki na neman diyya ya ce ke, rahoto ya ce shi, kamfani ya samu hujjar ƙin biyan komai da komai, har da abin da yake halalinki, kuma magana ta tashi daga haɗarin mota ta koma zamba. Sa hannunki ne zai kasance a ƙasan takardar, ba na maigida ba, ba na Hajiya ba. Ke da kike aiki da lasisin jinya ba ki da sararin wasa da irin wannan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, akwai alamar ƙaryar ma ba a bukatarta. Maigidanki ya ɗauka tunda sunanki ne a takarda, ke kaɗai inshorar ta rufe. Ɗauko takardar shaidar inshorar, ki duba wurin da aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa motar. A yawancin inshorar motocin gida a Najeriya za ki ga an ce mai motar, da duk wanda ya tuƙa da izininsa, muddin yana da lasisin tuƙi mai aiki. Kin ba shi izini, kuma ba kabu-kabu ya tafi yi ba, asibiti ya kai mahaifiyarsa. Saura lasisi. Ki sa maigida ya karɓo miki shi a daren nan ki ga ranar ƙarewarsa da idonki, kar ki yarda da "ai yana da shi." Idan lasisin yana aiki a ranar haɗarin kuma takardarki ba ta taƙaita tuƙi ga wasu sunaye ba, to gaskiya ita ce hanyarki mafi sauƙi. Iyakar abin da za ki iya tararwa shi ne wasu takardun sukan ƙara kason da mai mota zai biya idan direban ƙaramin yaro ne ko sabon hannu.

Idan kuma aka duba aka tarar lasisin ya mutu, ko babu shi sam, ba zan ɓoye miki ba, kamfani na iya ƙin biyan gyaran motarki. Ko a haka ki faɗi gaskiya, ki bar su su yanke hukunci a rubuce. A lokacin ne nauyin zai dawo kan gida, kuma zan zo kan wannan.

Bakanikenki kuwa, ki ce masa kar ya kwance ko noti ɗaya. Wannan na koya da kuɗina. Shekarun baya wani ya goge min gefen mota, na kai gareji, mai garejin ya ce "Hajiya bari mu rage aiki kafin su zo." Kwana biyu da injiniyan kamfani ya iso, ƙofar tana jingine a gindin darbejiya an riga an buge ta an shafa mata foti, fitilar da ta fashe yaran gareji sun zubar. Mutumin ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce shi bai ga ɓarnar da zai rubuta ba. Abin da aka ba ni bai kai kuɗin fenti ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kamfani yana biyan abin da wakilinsa ya gani ya amince da shi ne. Saboda haka ki je garejin da kanki, ki ɗauki hotuna ta kowace kusurwa da lambar motar a bayyane, har da cikin mota inda jakar iska ta fito, har da ƙarƙashin bonet. Ki cire batir da takardu da safaya ki tafi da su gida, a lulluɓe motar da tamfol. Mota in ta kwana biyu a gareji ba mai ita, sai ta fara ba wa wasu motocin aron kayanta.

Batun ya rubuta miliyan 2 a maimakon 1.3, wannan ɗan'uwan shawarar maigida ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Injiniyoyin kamfanonin nan sun san farashin Panteka, kasuwar kayan gyaran mota, fiye da ni da ke, wasu ma can suke yini. Da sun ga an cusa ƙari, sai su daina yarda da sauran lissafin, su bi kowane layi suna yanka. Ki tambayi kanki kuma: mutumin da ya iya ƙara wa kamfani Naira 700,000 ba tare da ya ƙifta ido ba, me ya tabbatar miki 1.3 ɗin da ya faɗa miki ita ce gaskiya? Ki nemi ƙiyasi na biyu daga wani garejin, a rubuce, kowane kaya da farashinsa, kuɗin aiki daban, kuɗin fenti daban.

Kuma babu dalilin yin wannan dabara don dattijo, domin haƙƙinsa yana cikin abin da kike biya duk shekara. Cikakkiyar inshora ta haɗa abu biyu: ɓarnar motarki, da ɓarnar da motarki ta yi wa wani. Wannan kashi na biyu shi ne wanda doka ta wajabta wa kowace mota, wanda 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kansa daga 1 ga Fabrairu 2025. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinsa ga motocin gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Dubu 600 da dattijo yake nema ba ta ko kusa da wannan iyaka. Kamfaninki ne zai duba motarsa ya daidaita da shi.

Dattijon nan, ki sani, shi ne wanda aka fi zalunta a cikinku. Yana tsaye a danja yana bin doka aka dake shi ta baya, kuma kwana tara ke nan yana jin shiru. In ya fara ɗaga murya, da hujjarsa. Maigidanki ya je ya same shi da kansa, da ɗan'uwansa a gefe, su ba shi haƙuri kamar yadda ake ba uba, su nuna masa takardar inshorar da shaidar an sanar da kamfani, su roƙe shi kar ya taɓa motarsa sai an zo an gani, ya kuma kawo nasa ƙiyasin da hotuna. Abin da kawai za su kiyaye: kar a rubuta masa alkawarin wani adadi, kar a sa hannu a wata yarjejeniyar sulhu ba da sanin kamfani ba, domin takardun inshora sun hana mai mota ɗaukar alkawari a madadinsu. Idan motar ce hanyar cin abincinsa, ba laifi a taimaka masa da ɗan kuɗin mota na kwanakin jira, a bayyana masa kyautatawa ce daga gida. Wannan ƙaramin abu yakan kashe wutar da lauya ba zai iya kashewa ba.

Bari in shirya miki zuciya a kan abin da za ki samu, don kar ki ga an ba ki ƙasa da abin da kika rubuta ki ce an cuce ki. Akwai kason da mai mota yake ɗauka da kansa duk lokacin da ya nemi diyya, yana rubuce a takardarki, wani lokaci adadi ne tsayayye, wani lokaci kashi ne cikin ɗari. Akwai kuma ragin tsufa: idan aka sa wa tsohuwar mota sabon kaya fil, kamfani yakan ce motar ta fi yadda take kafin haɗari, ki cika bambancin. Shi ya sa da yawa ake daidaitawa a kan kayan Beljiyam masu kyau. Amma wanda ya fi damuna shi ne miliyan 4.5 ɗin nan. Shekara uku kina sabunta inshora a kan farashin ranar da kika saya, alhali tun da aka saki Naira a kasuwa a tsakiyar 2023 farashin motoci da kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo. Takardu da yawa suna da sharaɗin cewa in an yi wa mota inshora ƙasa da darajarta, za a biya ne gwargwadon haka. Misali, in injiniyansu ya ce motarki yanzu ta kai miliyan 9, suna iya cewa rabinta kika rufe, su ba ki rabin kuɗin gyara. Ba na ce lallai haka za a yi miki ba. Ki nemi wannan sharaɗin a takardarki, in yana nan ki tambayi da me suka auna darajar, ki kawo naki farashin na motoci irinta, shekara ɗaya, tafiya kusan ɗaya. Ana ciniki a nan kamar yadda ake yi a kasuwa, sai dai da takarda ake yi ba da rantsuwa ba.

Za su ba ki fom, su nemi kwafin lasisin direba, takardun mota, bayanin direba a rubuce, rahoton 'yan sanda, hotuna da ƙiyasi. Ki buɗe fayil guda, duk abin da kika miƙa ki riƙe kwafi, duk wanda kika yi magana da shi ki rubuta sunansa da ranar. In sun kawo tayinsu za su haɗo da takardar sallama, wadda sa hannu a kanta yake nufin kin yarda magana ta ƙare. Kar ki sa hannu a tsaye a ofishinsu. Tafi da ita gida, ki gwada da ƙiyasin, ki tambayi a ina za a sa ɓarnar da ba ta bayyana sai an kwance gaban motar. Dokar inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, ta ɗora wa kamfani wa'adin kwana 90 ya biya bayan takardar sallama, ta kuma ce in zai ƙi biya sai ya faɗi dalilinsa a rubuce. Idan aka fara miki "ki dawo gobe," ki rubuta wa shugaban sashen biyan diyya. In bai yi ba, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koken jama'a, kuma kamfanoni ba sa son sunansu ya je can. Ki sanar da shugabannin ƙungiyarku ma, domin kamfanin da yake riƙe da motocin ma'aikata da yawa ba zai so ya ɓata da su a kan mota ɗaya ba. Shekara uku suna karɓar kuɗinki, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

In aka zo gyara, ki tsaya a kan abu biyu. Na farko shasi. Dukan da ya fitar da jakar iska ba ƙarami ba ne, a duba ko ƙarfen gaban ya karkace, kuma a kai inda ake da na'urar jansa da awo, ba inda za a ɗaura sarƙa a jikin bishiya a yi ta ja da baya har ido ya ce ya yi ba. Motar da aka yi wa haka za ki gan ta tana cin taya gefe ɗaya, sitiyari yana fizgar hannu. Na biyu jakar iskar kanta. Akwai masu tura tsohuwar ciki su liƙe murfin, su kashe fitilar gargaɗin da ke gaban direba, su karɓi kuɗin sabuwa. Ki kunna motar a gabansu: fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, an yi mata wani abu. Ki ce a zuba miki duk tsofaffin kayan da aka cire a buhu, ki karɓi rasit na sababbin, kuma kar ki cika kuɗin aiki sai kin hau motar kin zaga da ita.

Mu dawo gida. Hajiya ta yi gaskiya, tsautsayi ne, ba ya kuma wuce ranarsa. Amma yarda da ƙaddara bai taɓa hana a gyara abin da ya lalace ba. Tsoronta shi ne ɗanta ya shiga hannun hukuma, ta kuma san a kan hidimarta abin ya faru, wataƙila ita ma nauyin yana cinta. Ba ke za ki yi mata bayani ba, aikin ɗanta ne. Ya zauna ya gaya mata cewa neman kuɗin inshora shi ne ma zai cire yaron daga bakin dattijo, don in ba kamfani ba, wa zai fitar da dubu 600? Ke kuma ki je ki gaishe ta da jiki kamar kullum, kar ki ɗauko zancen mota. In a cikin dangi wani ya kawo shakku a kan halaccin inshora, wannan tambaya ce ta malamai, kuma akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisi da za ki iya komawa gare su a sabuntawa ta gaba. Ba dalili ba ne na yafe abin da ke gabanki yau.

Yaron da ya daina zuwa gaisuwa, ina kyautata zaton kunya ce ba raini ba. Ki aika masa ya zo. Ki gaya masa ba ki riƙe shi a zuciya ba, amma kina bukatarsa: ya rubuta bayanin yadda abin ya faru ba ƙari ba ragi, ya kawo lasisi, ya je ofishin 'yan sanda ya bi rahoton, ya zama shi ne mai zirga-zirgar gareji. Mutum in ya yi ɓarna aka hana shi hanyar gyarawa, sai ya yi ta gudun mutane. Ba shi aiki, zai samu fuskar shigowa gidan.

Maigida kuma ki same shi ku biyu, ba a gaban Hajiya ba, ba kuma lokacin da kika dawo daga aikin dare a gajiye ba. Kar ki buɗe da "ba zan yi ƙarya ba," don kar ya ji kamar kin kira shi maƙaryaci. Ajiye takardar a gabansa ki nuna masa layin masu izinin tuƙi, ki tuna masa sunan wa ke hannun 'yan sanda. Sannan ki faɗi abin da ba ki faɗa wa kowa ba sai ni: bashin yana kanki, motar da guminki kika saya, kuma kowane dare kina tsaye a titi kina tare Napep. Duk giɓin da kamfani ya bari, ko kason mai mota ne, ko ragin tsufa, ko ma gyaran gaba ɗaya in lasisi ya ba da matsala, bai kamata ya sauka a albashinki ke kaɗai ba. Hidimar mahaifiyarsu aka fita. Ku yanke adadi, shi da ƙaninsa da sauran 'yan'uwansu su raba, ko da kaɗan-kaɗan ne duk wata, a faɗi ranar farawa. In daga baya kika ga dama kika yafe wa yaron nasa kason, wannan alherinki ne, ke za ki yi shi da bakinki a lokacin da kika so, ba a yanke miki shi a zaure ba kya nan. Kafin nan kuma, kai ki aikin dare da ɗauko ki ya koma wuyan maigida, ko da kansa ko ya nemo amintaccen mai Napep guda ya biya shi na wata.

Ranar da motar ta fito, kafin ki sake miƙa wa kowa makulli, ki ga lasisinsa, ki kuma sa a sake kimanta darajarta a gyara adadin da ke takardar, ko da kuɗin shekara zai ƙaru. Ki rubuto min in ji yadda kuka ƙare da injiniyan, musamman abin da ya ce a kan miliyan 4.5 ɗin.